Ina Ungulayen Kwata Suka Tafi?

Filin Tambayi Likitan Dabbobi

Jama'a, assalamu alaikum. Masu tambaya kan kiwon kaji da turkar rago ku yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa. Wasu wasiƙu 3 ne suka zo daga garuruwa daban-daban, masu su ba su san juna ba, amma da na jera su a gabana sai na ga ashe zare ɗaya ne ya ɗinke su. Ta farko za ta fi cin wuri, don ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Likita, ni mahauci ne, gadon fawa na yi, shekarata 58. Ina yaro in na bi mahaifina kwata, sai an ba ni sanda ina korar ungulaye kafin a iya wanke kayan ciki. Yau na fi shekara 15 ban sa ko ɗaya a idona ba. Yarona ya ce ya ji a rediyo wai wata allurar shanu ce ta ƙarar da su a Indiya. Da gaske ne? Mu ma ita ce ta cinye namu? (Daga wani mahauci, Funtuwa)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da yaron nan ya jiyo gaskiya ne, sai dai rabin labarin ya kawo maka. Bari in ba ka na Indiya tukun, sannan mu dawo gida.

Ni ma na ga abin da ka gani. Farkon kama aikina duba nama aka tura ni a wata mayanka, kuma kullum kafin hantsi zan tarar da su jere a kan katanga da rufin kwano, sun ƙudundune wuya suna jira. Da zarar yara sun zazzage tumbi a bayan gini sai su sauko da gudun nan nasu na tsalle-tsalle, kafin azahar wurin ya koma fes. Ban taɓa tunanin in ƙirga su ba, kuma ban san wanda ya yi wannan tunani a garin ba. Wa zai tsaya ƙirga ungulu?

To a Indiya an sami wanda ya tsaya. Sunansa Vibhu Prakash, ma'aikacin wata tsohuwar ƙungiyar nazarin halittun daji da ke Bombay, wato Mumbai ta yanzu. A shekarun 1980, yana neman digirinsa na uku, ya tare a gandun tsuntsaye na Keoladeo da ke Bharatpur a jihar Rajasthan yana nazarin tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe. Cikin aikinsa har da bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sheƙar ungulu nawa ya gani. A wancan zamani ungulun Indiya mai farin baya tana cikin manyan tsuntsayen da suka fi yawa a duniya, miliyoyi ne, har matuƙa jiragen sama suna kuka da su. A wannan gandu kaɗai ya ƙirga sheƙa fiye da 300. Da ya koma wurin a shekarun 1990 sai ya tarar da abin da ya ɗaure masa kai. Ungulu za ta zauna a reshe ta saki wuya, kanta ya rataya har kusa da ƙafafunta, ta jima a haka, sannan ta faɗo matacciya. Sheƙa ta yi ta raguwa shekara bayan shekara, zuwa 2000 babu ko ɗaya.

Ba don tsohon littafin nan nasa ba, da maganarsa ta zama irin tamu ni da kai: da akwai, yanzu babu, kowa ya ce Allah sarki, a wuce wurin. Alƙaluman da ke hannunsa ne suka sa aka saurare shi. Da aka faɗaɗa ƙirgen zuwa sassan ƙasar, aka gano tsakanin 1992 da 2007 mai farin bayan nan ta ragu da kashi 99.9 cikin 100. Ka ƙaddara cikin kowace ungulu 1,000, ɗaya tak ta rage. Wasu nau'i biyu na danginta su ma sun ragu da fiye da kashi 95.

Sanin cewa suna mutuwa daban, sanin abin da ke kashe su daban. An yi shekaru ana lalube. Prakash da abokan aikinsa daga Ingila sun fi karkata ga cewa wata sabuwar annoba ce ke yaɗuwa tsakanin tsuntsayen, kuma duk wanda ya ga yadda abin ke tafiya daga yanki zuwa yanki ba zai ga laifinsu ba. Ni ma da ina wurin haka zan ce.

Wanda Allah ya ba sa'ar warware ƙullin wani likitan dabbobi ne ɗan Amurka, Lindsay Oaks, malami a Jami'ar Jihar Washington, wanda ya yi aiki tare da ƙungiyar Peregrine Fund mai kare tsuntsaye masu farauta, da kuma masu nazarin tsuntsaye na Pakistan. Tun daga 2000 ɗaliban jami'a 'yan Pakistan suke kewaya wuraren da ungulaye ke sheƙa a lardin Punjab, suna tsinto gawarwaki cikin zafin da ke ruɓar da nama nan da nan, ana feɗewa. Sun feɗe manyan ungulaye 259, kuma kashi 85 cikin 100 abu ɗaya aka tarar a cikinsu.

Wannan abu kai ma wataƙila ka taɓa ganinsa a kazar gidan gona. Kana buɗe ƙirji sai ka ga hanta da zuciya kamar an barbaɗa musu garin alli, in ka murza da yatsa ka ji ɗan ƙaras-ƙaras. Tsuntsu ba ya fitsari irin na dabba, farin nan da kake gani a kashin kaza shi ne fitsarinta. Idan ƙoda ta tsaya, farin ba shi da hanyar fita, sai ya daskare a kan kayan ciki. Kuma ungulayen nan ba ramammu ba ne, da kitsensu suka mutu. Ke nan abin da ya kashe musu ƙoda farat ɗaya ya yi, bai ba su lokacin jinya ba.

Shi Oaks fanninsa ƙwayoyin cuta ne, kuma su ya fara nema. Bai samu ba. Aka auna maganin ƙwari, aka auna dalma da danginta, babu. Nan ne ya yi abin da ya sa nake ganin girmansa: ya ajiye abin da ya ƙware a kai, ya yi tambaya irin ta mai hankali. Me tsuntsayen nan suke ci? Mushen shanu da ɓauna na gida. To me ya sauya a jikin shanun a 'yan shekarun nan? Sai aka bi likitocin dabbobi da masu shagunan magani ana tambayarsu abin da suke sayarwa. Aka tace jerin, ana neman maganin da sabo ne a kasuwa, ana amfani da shi ko'ina, kuma an san yana iya taɓa ƙoda. Sai dikilofenak ya fito fili, wannan dai da kake saye a kemis in gwiwa ko baya ya matsa maka. Da aka koma kan ƙodojin da aka adana, ungulu 25 masu farin allin nan duk an sami maganin a jikinsu, 13 da wani abu daban ya kashe kuwa ba a samu ko a ɗaya ba. Aka ba wasu ungulaye naman dabbar da aka yi wa allurar, cikin 'yan kwanaki suka mutu da alamar nan sak. Oaks ya bayyana sakamakon a wani taron masana tsuntsaye a birnin Budafes a watan Mayun 2003, aka buga shi a mujallar Nature a 2004.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu mugu a cikin labarin nan. Manomi ne saniyarsa ta tsufa tana ɗingishi, ya ji tausayinta ya kira a yi mata allura mai araha, kuma allurar tana aiki, ni shaida ne. Mabiya addinin Hindu ba sa yanka saniya, sai ta mutu don kanta, a feɗe fata a bar wa ungulaye sauran. In ta mutu cikin 'yan kwanaki bayan allurar, maganin na nan a namanta. Mushe ɗaya kuma yakan tara ungulu fiye da 100 daga nesa. Masana sun yi lissafi suka ga ko da ƙasa da mushe 1 cikin 100 ne ke ɗauke da maganin, ya isa ya jawo duk ɓarnar da aka gani. Ga shi ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, kuma sai ta kai wajen shekara 5 take fara haihuwa, don haka ba ta iya cike gurbi.

A 2006 Indiya da Pakistan da Nefal suka haramta amfani da shi ga dabbobi, Bangaladash ta biyo baya a 2010. An sami madadi mai suna meloksikam, wanda aka gwada aka ga ba ya cutar da ungulu. Duk da haka mutane suka koma sayen manyan kwalaben allurar da aka yi don ɗan Adam suna ɗura wa shanu, sai da Indiya ta taƙaita kwalbar zuwa mililita 3 a 2015. Oaks bai daɗe ba bayan wannan aiki, ya rasu a 2011 yana da shekara 50. Prakash kuwa ya ƙarar da shekarunsa na aiki a cibiyar Pinjore da ke jihar Haryana, yana kiwon ragowar ungulayen a manyan keji, yana lallaɓa su su hayayyafa. Mutumin da ya fara da ƙirga ɗaruruwan sheƙa a gandu ɗaya ya koma murnar ƙyanƙyasar ƙwai guda.

Kada ka ce ai tsuntsu ne kawai. Garken ungulu na iya suɗe mushen saniya ya bar ƙashi cikin ƙasa da sa'a ɗaya, kuma tsamin cikinta yana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Da suka ɓace, mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun kwatanta gundumomin da da can suke da ungulaye da waɗanda ba su da su, suka ƙiyasta cewa rashin ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Yanzu mu dawo gida. Namu ma sun ragu ƙwarai, idonka bai yi maka ƙarya ba. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye masu farauta daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 a wajen gandayen da ake tsaro. Ƙaramar nan ta kwata, wadda kake kora da sanda, a 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya.

Sai dai in ka ce dikilofenak ne ya cinye su, ka yi gaggawa. An gwada shi a Afirka ta Kudu a kan babbar ungulun Afirka mai farin baya, kuma yana kashe ta, don haka haɗarin na nan. Amma mu a nan saniya ba ta cika zama mushe ba, kai ka fi ni sani, da an ga ta kwanta ake kiran wuƙa. Da masana suka tattara bayanan dubban ungulayen da aka tsinta matattu a ƙasashen Afirka, kusan kashi 60 guba ce aka sa a mushe ta kashe su, kusan kashi 30 kuma kama su aka yi don cinikin sassan jikinsu. A yankinmu na yammacin Afirka wannan na biyun ne ya fi ƙarfi. Ka shiga layin masu kayan magani a babbar kasuwa ka duba da kyau, za ka ga busasshen kan ungulu a shimfiɗe, masu neman sa'a da asiri suna saye da tsada. A Gini Bisau, daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, an tsinci ungulayen kwata fiye da 2,000 da aka kashe da guba, da yawansu an yanke musu kai. Ƙara da sare rimi da manyan itatuwan da suke kwana a kai, da kuma cewa yau a kwata ba abin da ake zubarwa, jini da ƙashi da ƙaho duk suna da mai saye.

Roƙona gare ku mahauta, musamman in kana da bakin magana wurin Sarkin Fawa: in baƙo ya zo yana cigiyar inda ungulu ke sauka, kada a nuna masa. Wanda kare ko kura ta dame shi kada ya barbaɗa maganin ƙwari a mushe, don abin da zai fara sauka a kai mai fiffike ne. Mu kuma likitoci da masu shagon maganin dabbobi, in jaki ko doki ne za a yi wa allurar kashe zafi, tunda su ne ke ƙarewa a bayan gari, meloksikam na nan. In kuma dabba ta mutu tana kan magani, a haƙa rami a binne ta.

TAMBAYA: Baba Likita, ina aji 3 a jami'a, ina karanta ilmin halittu. Ina sha'awar in ƙware kan yadda guba da gurɓatar muhalli ke cutar da namun daji, amma mahaifina ya ce wannan ba karatu ba ne, yawon daji ne, gara in nemi aikin ɗakin gwaji a asibiti. Ni kaina ban san takamaiman abin da masu wannan aiki ke yi kullum ba. Ka ba ni shawara. (Daga wata ɗaliba, Zariya)

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar karatu. Da farko kada ki ga baiken mahaifinki. Abin da za ki ci yake tunani, kuma gaskiya ne guraben aiki a wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan. Amma tunda kin tambayi yadda aikin yake, bari in ba ki labarin mutum ɗaya, ki auna da kanki ko halinki ne.

Derek Ratcliffe ɗan Ingila ne, an haife shi a 1929. Tun yana saurayi yake hawa duwatsu yana leƙa sheƙar wani shaho mai tsananin gudu da ke kama tattabaru a sama. A farkon shekarun 1950 ya fara cin karo da fasassun ƙwai a sheƙa, abin da a da ba a cika gani ba. Bai san dalili ba, amma ya rubuta. Wajen 1960 sai masu tseren tattabaru suka kai kuka wurin gwamnati cewa shahon nan ya yi yawa yana cinye musu tsuntsaye, a ba su dama su rage shi. (Duk mai ɗakin tattabaru a Kano ko Zariya ya san wannan haushi.) Aka ce to a fara ƙirgawa, aka ɗora Ratcliffe a kan aikin a 1961 da 1962. Sai ga shi ashe kusan rabin wuraren da shahon ke sheƙa kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun zama kufai.

Wani ɓangare na dalilin bai yi wuyar ganowa ba. Manoma na cuɗa irin shuka da wasu magungunan ƙwari masu ƙarfi, tattabarun daji su tsince, shaho ya ci tattabara ya mutu. Amma fasassun ƙwan nan fa? Ratcliffe ya yi zargin ɓawon ne ya yi laushi. Matsalar ita ce da me zai kwatanta, tunda ba wanda ya taɓa auna kaurin ɓawon ƙwan shaho a da. Sai ya tuna Turawa na da wata tsohuwar ɗabi'a ta tara ƙwan tsuntsaye. Sukan huda ɗan ƙaramin rami su hure abin da ke ciki, su rubuta wuri da shekara, su jera a akwati. Ya bi gidajen tarihi da gidajen masu tarawa. Ba wanda zai yarda a fasa masa ƙwai don a auna kauri, don haka ya ɓullo da dabara: ya ɗora ɓawon a sikeli, ya auna tsawo da faɗi, ya raba nauyin da girman. Ɗaya bayan ɗaya, ƙwai fiye da 1,000, na tun daga 1900.

Da ya jera alƙaluman bisa shekara, layin ya tafi miƙe har tsawon shekara 40 da wani abu, sai a 1946 zuwa 1947 ya faɗi, ɓawo ya rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, bai kuma koma ba. Wannan ne daidai lokacin da aka fara baza wani maganin ƙwari mai suna DDT a gonaki da wurin wankan tumaki. Ya buga sakamakon a 1967, shekara guda bayan haka masana a Amurka suka sami irinsa a nasu tsuntsayen. Daga baya aka gane yadda abin yake. DDT ba ya narkewa da wuri, yana maƙalewa a kitse, ƙwaro ya ba ƙaramin tsuntsu, ƙaramin tsuntsu ya ba shaho, kowane mataki yana ƙara taruwa. A jikin uwar sai ya hana sinadarin da ke ƙarfafa ɓawo zuwa inda ake bukatarsa, ta kwanta a kan ƙwanta ya fashe a ƙarƙashinta. Ki tuna kuma wanda ya gano amfanin DDT, Paul Müller, har lambar yabo ta Nobel aka ba shi a 1948, saboda rayukan da maganin ya ceta daga zazzaɓin cizon sauro da cututtukan ƙwarƙwata. Shi ya sa yarjejeniyar Stockholm ta 2001 da ta hana shi a gona ta bar ƙofa a buɗe don feshin sauro a cikin ɗaki.

Da aka janye magungunan nan, shahon ya farfaɗo har ya fi yawansa na da, yau yana sheƙa a kan dogayen gine-ginen Landan. Ratcliffe ya kai matsayin babban masanin kimiyya na hukumar kare halittu ta ƙasarsa, ya rasu a 2005 yana kan hanyarsa ta zuwa arewacin Turai duba tsuntsaye.

Kin ga daga fasasshen ƙwai na farko zuwa amsa, shekara 15 ne da ɗoriya. Mafi yawan aikin rubutu ne da awo da jira, da wari, da rana. Idan kina jin za ki iya, ga abin da nake gani. Ki riƙe darasin kemistiri da na lissafin alƙaluma da hannu biyu, don su ne ke raba mai bincike da mai ba da labari. Ki roƙi a bar ki ki riƙa leƙa ɗakin feɗe gawar dabbobi a tsangayar likitancin dabbobi da ke nan jami'arku ta Zariya. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, tana ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana ba da digiri na biyu kan kare halittu. Filin aiki kuwa ga shi a ƙofar gida: fadamun Haɗejiya da Nguru inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai kowace shekara, ga kogin Challawa da ruwan masana'antun jima na Kano ke gangarawa cikinsa.

Game da mahaifinki, ki nuna masa cewa na'urar da ake auna guba a hantar kifi ita ce ake auna ta a wake da masara da jinin mutum. Wanda ya iya wannan awo yana da wurin zama a hukumomin kula da abinci da magunguna da na muhalli. Ki bi shi da ladabi, ki nemi albarkarsa, kada ki tafi ba da ita ba.

TAMBAYA: Likita, agwagina 11 sun mutu cikin mako 2, na maƙwabta ma haka. A kududdufin bayan gari suke wuni, inda masu wankin ƙasar zinariya ke zubar da ruwansu. Maigidana ya ce ciwon sanyi ne kawai, in sayi wasu. (Daga wata uwargida, jihar Neja)

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kada ki sayi wasu tukun, kuma wannan amsa ki karanta wa maigidan da kanki yau ɗin nan.

Yana yiwuwa ciwo ne irin na tsuntsaye, murar tsuntsaye ma na iya yin haka, kuma ita ma abin a kai rahoto ce. Amma ambaton wankin zinariya da kika yi ya tayar mini da hankali. A farkon 2010, a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagi suka fara ɓacewa. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Ba a jima ba yara ƙanana suka fara amai da jijjiga suna mutuwa. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ga yawan sababbin kaburburan yara aka fara bincike, aka gano dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don zinariya cike yake da ita, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi ƙasa da ruwa da abinci. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi, a jiharku.

Agwagwa da baki take tace laka, shi ya sa takan riga kowa kwasar abin da ya kwanta a ƙasan ruwa. Yaro mai rarrafe kuma shi ke bi mata, don hannunsa daga ƙasa sai baki.

Don haka ku hana yara zuwa kududdufin nan, kada a ɗebi ruwansa ko don wanki. Kada a ci naman agwagin da suka mutu ko masu layi, kada a jefa wa kare, a binne su da zurfi. Idan wata ta sake mutuwa, a sa leda a hannu a ɗauke ta, a ƙulle a wata ledar, a kai ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma tun ba ta kumbura ba, a gaya masa zancen zinariyar. In akwai mai kawo dutse ko ƙasar haƙa cikin gida, a daina daga yau, mai aikin kuma ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 a kai su asibiti a ce a auna dalma a jininsu, ko da kuwa garau suke, don takan daɗe tana ɓarna a ƙwaƙwalwa kafin a ga alama. Ki sa maigida ya sanar da mai unguwa. Ki kuma sake rubuto mini in ji yadda ake ciki.

Ina da roƙo ɗaya ga sauran masu karatu, musamman mahauta da makiyaya da direbobin dogon zango. Duk wanda ya san inda ungulu ke sauka har yanzu, kada ya rubuto sunan wurin, don ba zan buga ba. Abin da nake so shi ne ku gaya mini garinku, da shekarar da kuka yi mata ganin ƙarshe, da kamar guda nawa ne. Na sayi sabon littafi saboda wannan, kuma Funtuwa ce a layin farko.